Wasan daɓe a Kano: abin da ke zaɓar wa ƙaramar ƙungiya wasan da za ta yi

Duk wanda ya bi wata ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo a Kano tsawon shekara guda zai ga abin da zai ɗaure masa kai. Mutanen da ya gani lokacin hunturu suna wasa kan illar shaye-shaye a harabar wata sakandare, su zai sake gani bayan wata biyu sun sha rawani suna kwaikwayon fadar Sarki Muhammadu Rumfa, su ne kuma ranar bikin yaye ɗalibai za su fito da barkwancin maigida da matansa biyu har mutane su riƙe ciki. Wani sai ya yanke hukunci cewa ƙungiyar ba ta da alƙibla. Ni ban ɗauke shi haka ba. Wannan haɗe-haɗen yana da dalilai, kuma wanda ya bi dalilan ɗaya bayan ɗaya zai gane halin da wasan daɓe, wato kwaikwayon da ake yi a dandamali a gaban jama'a, yake ciki a garin nan fiye da wanda ya tsaya yana jimamin cewa ya mutu.

A fara sanin irin ƙungiyar da ake magana a kanta. Ba kamfanin fim ba ne mai ofis a titin Gidan Zoo. Taron mutum 15 ne ko 20: malamin firamare, tela, direban adaidaita sahu, yaron shago a Kantin Kwari, ɗaliban kwaleji, da dattijo ɗaya ko biyu da suka yi zamani da wasan talabijin. Ba su da zauren kansu, babu mai albashi a cikinsu. Dukiyarsu akwatin ƙarfe ce guda, a ciki akwai rawuna, alkyabbar da ta sha jiki, hular ɗan sanda, gemun auduga, allo da labule. Gwaji sai bayan la'asar, a wani aji ko soron wani gida, kiran magariba kuma ya tashe su. Ƙungiyar da take haka ba ta da halin da za ta zauna a farkon shekara ta ce ga wasanni huɗu da za mu yi bana, jama'a su zo su sayi tikiti. Gayyata take jira. Mai gayyata shi ke faɗin abin da yake so a yi magana a kai, wurin da ya bayar shi ke yanke tsawon wasan, watan da ake ciki kuma shi ke cewa ko za a yi ko ba za a yi ba.

Abin bai kai haka ba a da. Kwaikwayo daɗaɗɗen abu ne a Kano, wanda ya tashi a cikin gari ya san tashe daga goma ga azumi, ya san Nalako, sarkin gwauraye, da tashen gwauro, ya san yara da gemun auduga suna kwaikwayon tsoho ko malami ƙofa-ƙofa. Da makarantun boko suka zo, sai kwaikwayon ya hau dandamali. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasanni masu caccakar zalunci da ha'inci, Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule kuma ya yi suna a wasan kwaikwayo tun yana matashin malamin makaranta. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980 ƙungiyoyi irin su Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa suka cika gari, suna wasa a gaban jama'a, suna kuma kai wasanninsu tashar CTV 67 da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa. A 1990 'yan Tumbin Giwa suka fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan kuma hanya ta rabu. Gwanayen 'yan wasa suka bi kyamara, don can kuɗi yake. Masu kallo ma suka bi, musamman matan aure, waɗanda da ma ba zuwa zauren wasa suke yi ba, yanzu kuwa wasan ya same su har tsakar gida.

Sauran abubuwan da suka biyo baya kowa ya san su. An dawo da shari'a a 2000, aka kafa hukumar tace fina-finai a 2001, duk wani taron nishaɗi ya koma ana sa masa ido. Harin Boko Haram na 20 ga Janairun 2012 da dokar hana fita da ta biyo shi sun kashe taron dare, hana goyo a babur a 2013 ya ƙara wahalar da mai son fita ya dawo gida da wuri, kullen korona na 2020 ya zo ya tsayar da abin da ya rage. Yau kuma barkwanci yana aljihun kowa a YouTube da TikTok. Duk wannan ya haɗu ya ɓatar da mutum ɗaya mai muhimmanci, wato ɗan kallon da zai ciro kuɗi daga aljihunsa ya biya a ƙofa. Nan gizo yake saƙar. Tunda ya ɓace, ƙungiya ta daina tambayar me mutanen unguwa suke son gani, ta koma tambayar wa zai ɗauki nauyi.

Shi ya sa wasan faɗakarwa ya fi kowane iri yawa. Ma'aikatar lafiya, ƙungiyoyin agaji, masu wayar da kai kan zaɓe, su ne masu kuɗin mota da na abinci da ɗan abin da ɗan wasa zai kai gida. Batutuwan sanannu ne: rigakafi, awon ciki, gidan sauro, kwalara in damina ta kama, yoyon fitsari, karatun 'ya'ya mata, shaye-shaye, daba da ƙwacen waya, katin zaɓe. Kuma wannan hanya tana da asali mai kyau. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, cikin shekarun 1970, malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo suka fara fita ƙauyuka, aikin da ya haifar da Wasan Manoma a 1977. Yadda suka tsara abin, sai an je an zauna da mutane an saurari damuwarsu, a gina wasan daga bakinsu, a yi shi a dandalinsu, wani lokaci a tsayar da shi a tsakiya a tambayi 'yan kallo yadda za a warware. Kano ta ga amfanin irin wannan magana ta ido da ido. Bayan da aka dakatar da allurar shan inna a jihar a 2003 aka dawo da ita a 2004, an ɗauki shekaru ana lallashin iyaye ta bakin sarakuna da malamai da rediyo da majigi da 'yan wasa, kafin a kai ga shelar 2020 cewa nau'in cutar na asali ya bar Afirka. Ba zan raina wannan aiki ba, kuma ba na son a raina wanda ya yi shi cikin rana da ƙura.

Damuwata ita ce yadda wasan ya koma. Yanzu sau da yawa babu sauraron kowa. Takarda ake aiko wa darakta, an jera saƙonni biyar ko shida da dole a faɗa, an ce kada a wuce minti 20. Sai a sami siffa ɗaya ana ta maimaitawa: ga maigida mai taurin kai, ga matarsa mai haƙuri, ga ma'aikaciyar lafiya da farar riga, ga mai unguwa da zai zo a ƙarshe ya yi nasiha, maigida ya durƙusa ya ce ya tuba. Yara ma sun haddace, tun kafin mai unguwa ya buɗe baki suna faɗin abin da zai ce.

Bambancin ƙungiya mai hankali da wadda take cika umarni kawai yana fitowa ne a wurin gwaji. Za ka ji darakta ya tsayar da dattijon da ke fitowa a maigida ya ce, "Baba, kada ka yi saurin sakkowa. Faɗi abin da mutumin unguwarku zai faɗa in an ƙwanƙwasa masa ƙofa." Dattijon ya yi shiru kaɗan, ya gyara hula, ya juya wajen yarinyar da ke riƙe da akwatin allura ya ce, "'Yata, ɗana ya kwana uku da zazzaɓi, na kai shi asibiti aka rubuta min takarda aka ce in je in sayo. Yau kuma ga ki har ƙofar gidana da magani kyauta, na ciwon da bai kama shi ba. Ki gaya min dalili." Ranar da aka faɗi wannan a gaban jama'a, za ka ji wurin ya ɗauki guna-guni, domin maganarsu ce aka faɗa. Daga nan duk amsar da ma'aikaciyar za ta bayar za a kasa kunne a ji. Masu ɗaukar nauyi sukan so a cire irin wannan layi, suna ganin yana ɓata musu saƙo. Kuskure ne babba. Ɗan kallon da bai ji an faɗi hujjarsa da ƙarfinta ba, ba zai karɓi amsar ba, zai yi dariya ne ya tafi gida da ra'ayinsa.

Iri na biyu shi ne wanda ƙungiya take komawa gare shi in an bar ta ta zaɓa, wato wasan zaman aure. Auren dole, kishi, uwar miji, tsadar lefe, sakin da ake yi cikin fushi, 'ya'yan da ake bari a hannun kaka. A garin da gwamnati da Hisba suka fara ɗaura auren zawarawa a taro tun 2012, ba sai an yi wa kowa bayanin me ya sa wannan batu ba ya tsufa ba. Kusan kullum wasan yana ƙarewa a gaban alƙali, kuma akwai hikima a haka. Kotu ba ta cin kuɗi, tebur ɗaya ne da benci da tabarma. 'Yan kallo sun san ladabinta, sun san "Allah ya gafarta Malam", sun san masinjan da ke daka tsawa a yi shiru. Mafi muhimmanci, kotu tana tilasta wa marubuci ya ba kowane ɓangare baki, miji ya faɗi nasa, mata ta faɗi nata, waliyyi ya sa baki, maƙwabci ya ba da shaida. Waɗanda suka kalli Kuliya Manta Sabo a talabijin sun san yadda zaman shari'a kaɗai yake riƙe mutum ya kasa tashi.

Amma a nan ne ƙarancin mata yake nuna kansa. Ƙungiya mai mutum 20 da wuya ta tara mata uku, su ɗin ma ba tabbas. Iyaye ba sa so, saurayi ba ya so, ranar da aka ɗaura aure kuma yawanci an yi sallama da dandamali. Wani ɓangare na laifin yana kan yadda jama'a suka haɗe wasan daɓe da gidajen gala a suna ɗaya, 'yan dirama, alhali hukumomi sun sha rufe gidajen galar kan raye-raye da cakuɗuwar dare. Yarinyar da ke fitowa a ma'aikaciyar jinya da rana tsaka a filin makaranta ita ke biyan bashin sunan da ba ita ta ɓata ba. A da sai namiji ya ɗaura zane ya yi lulluɓi a wuce wurin, yanzu ba ko'ina ake yarda da haka ba, kuma ko an yarda dariya yake jawowa, ba ya ɗaukar wasan da ake son a ji tausayi. Saboda haka darakta yana zaɓar labari ne yana ƙirga matan da ke hannunsa. Labarin kishiyoyi uku da uwar miji sai a rage shi ya koma mace ɗaya a fili, ɗaya kuma murya daga bayan labule. Abin da ke faruwa a tsakar gida tsakanin mata, wanda shi ne rabin rayuwar Kano, sai ya zo mana ta bakin maza suna ba da labari a zaure. Wannan rashi ne na gaske, kuma ya fi rashin fitila da lasifika illa.

Ƙa'idar rashin taɓa juna tsakanin namiji da mace kuwa ban ɗauke ta cikas ba. Uwar da ɗanta ya dawo bayan shekaru, ya zube a gabanta ya sunkuyar da kai, ita kuma ta kau da fuska tana sa masa albarka muryarta na rawa, ta fi runguma taɓa zuciyar Bahaushe, domin haka yake gani a gidansu.

Wasan tarihi shi ne abin alfaharin kowace ƙungiya, shi ne kuma mai karya ta. Kayan labari ba su da iyaka: Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala, zuwan Bagauda, zamanin Rumfa daga 1463 zuwa 1499 da kafa kasuwar Kurmi da saukar Shehu Magili, shigowar Turawa a 1903. Sai dai fada ba ta yiwuwa da mutum biyar. Ana buƙatar sarki da hakimai da dogarai da 'yan kirari, ana buƙatar alkyabba da rawuna masu kyau, ana buƙatar mai algaita da mai kakaki na gaske, su kuma sana'arsu ce, sai an biya. Don haka ba a yin sa sai an sami babban taro, kamar Ranar Hausa ta Duniya a 26 ga Agusta, ko makon Hausa a wata kwaleji, ko bikin al'adu da hukuma ta shirya.

Bayan kuɗi akwai abin da ba a cika faɗa a fili ba. Wasa ba ya tsayuwa sai da rikici, rikici kuma yana buƙatar wanda ya yi ba daidai ba. To a tarihin Kano wa za ka ɗora wa laifi a gaban jikokinsa? Yaƙin basasar da aka yi tsakanin Tukurawa da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895 yana da duk abin da marubucin wasa yake nema, 'yan uwa na jini, gadon sarauta, alƙawari da saɓawa, gari ya rabu biyu. Amma gidajen suna nan, zuri'ar tana nan, kuma tun daga 2019 maganar sarautar Kano ta sake zama mai zafi. Ƙaramar ƙungiya ba ta da kafaɗar ɗaukar wannan, ni ma ba zan ce ta ɗauka ba. Abin da ba na so shi ne mafakar da ake gudu a shiga. Sai a ce za a yi wasan al'ada, a jero kamu da sa lalle da ɗaukar amarya da sayen baki da buɗar kai, a yi guɗa a tashi. Yana da kyan gani, yara suna koyon wani abu, amma nuni ne, babu wanda ya so wani abu aka hana shi, babu abin da ɗan kallo zai kwana yana juyawa a ransa.

Alhali akwai tarihin da ba na fada ba, ba ya cin rawani, ba ya taka kowa. Ayarin fatake a hanyar Gwanja neman goro, madugu yana riƙe da amanar dukiyar mutane ga ɗansa ya yi ɓarna a zango. Marinar Ƙofar Mata ranar da yadin kanti ya fara karya kasuwar baƙi. Isowar jirgin ƙasa a 1911 da yadda gyaɗa ta juya arzikin gari, manomi da ɗan kore da mai sikeli. A kowane ɗaya akwai gardama ta gaske tsakanin mutanen da kowannensu yana da hujja, kuma mutum takwas da buhuna da sanduna sun isa. Ina mamakin yadda aka bar wannan fili babu mai nomawa.

Barkwanci kuwa ƙungiyoyi da yawa suna jin nauyin a ce shi suka iya, sai su maƙala shi a farkon taro don a tara mutane kafin manyan baƙi su iso. Ba su yi masa adalci ba. A nan ake gane ɗan wasa, domin dariya ba a roƙonta, ko ta zo ko ba ta zo ba, kuma sanin lokacin da za a yi shiru a bar ta ta lafa ilimi ne da kyamara ba ta koyarwa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya nuna cewa mai ba da dariya yana iya faɗa wa mai mulki da mai kuɗi abin da mai wa'azi zai yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa. Muna kuma da taska a wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, wanda kowa ya san iyakarsa. Abin da ya kamata a yar shi ne dariyar da ake nema a jikin gurgu da bebe da mai in'ina. Suna cikin 'yan kallo, 'yan uwansu ma suna ciki, kuma ƙungiyar da jiya ta yi wasa kan shan inna bai dace yau ta sa a yi wa mai jan ƙafa dariya ba.

Akwai wata kasuwa da ba a riƙe ta da kyau ba, ita ce ta makarantu. Ɗaliban da ke rubuta Hausa a WAEC da NECO suna da littafin wasan kwaikwayo a manhajarsu, kuma tsararraki sun wuce ta kan Uwar Gulma na Mohammed Sada da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Yaro yakan haddace sunayen 'yan wasa da jigo don jarrabawa bai taɓa ganin an yi wasan a tsaye ba. Nan ne kaɗai mai gayyata yake son wasan don kansa, ba don saƙon da za a rataya masa ba. Aikin da ke ciki shi ne yanka, domin littattafan suna da doguwar magana, wasu ma don rediyo aka fara tsara su, sai an rage an matse kafin su zauna a awa ɗaya. Fassara daga wasu harsuna ba ta da yawa a hannun ƙananan ƙungiyoyi, ko da yake Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya nuna tana yiwuwa da ya mayar da wasan Shakespeare zuwa Daren Sha Biyu. Wasannin Turanci na su Wole Soyinka da Ola Rotimi sun fi zama a sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Bayero da makarantu masu zaman kansu.

Wanda ya duba jerin nan zai lura da giɓi. A garin Malam Aminu, wasan siyasa ya yi ƙaranci. Ba ina nufin wasan kamfe ba, wanda ake hayar ƙungiya ta yabi ɗan takara, wannan yana nan duk shekarar zaɓe, kuma ƙungiyar da ta karɓa takan rasa gayyatar ɗaya ɓangaren har a sake zaɓe. Ina nufin wasan da zai tambayi ina kuɗin rijiyar burtsatsen unguwa ya shiga, me ya sa mai fansho yake mutuwa a layi, wa ya sayar da filin makaranta aka yi shaguna. Dalilin rashinsa a bayyane yake. Zauren na gwamnati ne ko na makaranta, izini daga hukuma yake fitowa, rabin 'yan wasan kuma ko ma'aikata ne ko masu neman aiki. Abin da ake iya yi, kuma wasu suna yi, shi ne a mayar da labarin wani ƙauye da ba shi da suna, a sa shi a bakin wawan sarki ko maroƙi. Jama'a suna ganewa sarai.

Shekarar ma ba duka ake aiki da ita ba. Azumi na ibada ne, tashen da ke cikinsa ma 'yan sanda sun sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan saboda ɓata-gari. Sallah ta hawa ce da ziyara. Agusta ruwa yana iya tarwatsa taron fili cikin minti biyar, zafin Afrilu kuma ba ya barin kowa ya zauna a rana. Abin da ya rage shi ne hunturu da ƙarshen zangon karatu, a nan gayyata take cunkushewa, ƙungiya ta yi wasa uku mabambanta cikin sati biyu da gwajin kwana bibbiyu.

To wannan yawan iri alheri ne ko illa? Ta fuskar horo alheri ne. Ɗan wasan da ya yi alƙali yau, gobe dogari, jibi ɗan ƙwaya, a gaban mutanen da ba sa ɓoye gajiyarsu, yana samun ƙwarewar da wanda ya fara da kyamara ba ya samu. Illar ita ce ƙungiya takan zama kamar telan da ke ɗinka duk abin da aka kawo masa, amma ka shiga shagonsa ba ka ga riga ɗaya a rataye da zai ce wannan yankana ne ba. Ka tambayi ƙungiyar da ta shekara goma wane wasa aka san ku da shi, sai a fara duban juna. Kowane wasa an yi shi sau ɗaya ko biyu, mai gayyata ya ɗauki hoto don rahotonsa, an wuce. Wasa kuwa ba ya nuna sai an maimaita shi, a ji inda mutane suka yi shiru da inda suka fara duba waya, a koma a gyara, a sake fita.

Ina ganin ƙungiya tana iya ci gaba da karɓar aikin faɗakarwa don ta rayu, amma ta ware wasa ɗaya a shekara wanda ba wanda ya aiko da takardarsa. A yi shi da rana tsakanin la'asar da magariba, ba buƙatar janareta, wanda tun cire tallafin mai a 2023 ya zama abin da ke cinye kuɗin taro. A ware wa mata da yara gefensu, don magidanci ya saki jiki ya bar iyalinsa su zo. A sa ɗan kuɗin shiga kaɗan, ko da bai biya wahala ba, domin wanda ya biya yana da bakin cewa bai ji daɗi ba, kuma wannan ƙorafi shi ne abin da ƙungiyoyin suka daɗe ba su ji ba. A zaga da shi Gwale da Fagge da Dala da Tarauni, wasa ɗaya, har ya goge.

Sai kuma rubutu. Yawancin wasannin nan ba a rubuce suke ba. Darakta yana ba da labari, ya raba fitowa-fitowa, kowa ya nemo maganarsa. Wannan ne ya sa Hausar daɓe take da rai fiye da ta littafi, da karin magana da habaici da zaurancen kasuwa a inda suka dace, kuma ba na so a kashe wannan da hadda. Amma ranar da gwanin ya tafi Abuja neman aiki, ko yarinyar ta yi aure, ko dattijon ya kwanta dama, wasan ya tafi da su. Gyaran ba shi da tsada. A ajiye waya a gefen dandamali ta naɗi wasan daga farko har ƙarshe, a fitowa ta uku ko ta huɗu lokacin da maganganun suka zauna, sannan wani ya zauna ya kwafe shi a takarda yadda aka faɗe shi. A Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi na cikin gari akwai ɗaliban Hausa da na wasan kwaikwayo da duk shekara suke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Ƙungiya ta ba su izinin naɗa da kwafewa, da sharaɗin a ba ta kwafi ɗaya mai ɗauke da sunayen waɗanda suka ƙirƙiri maganar.